Ilarie Mai Auna Mutane

Mu biyu muka gaji lilon sarƙa daga ubanmu, ni Tudose da yayana Ilarie. Ni ke riƙe da inji, shi ke tsaye a ƙofa yana zaunar da mutane. Haka muka yi ta yawo da shi kasuwa-kasuwa a gaɓar kogin Olt, daga fitar hunturu zuwa lokacin matsar inabi, har kanmu ya yi furfura. A bazarar da zan ba da labarinta ne aikin ƙofa ya fara fin ƙarfin Ilarie, shi kuwa in ka cire wannan aikin ba shi da komai a duniya. Ba mata, ba ɗa, ba gona. Ko gadon kwanansa a cikin tirelar lilon yake.

Wanda bai san sana'ar ba gani yake zaunar da mutane aikin banza ne. Ginshiƙin ƙarfe ne a tsakiya da laima a kansa, kujeru na reto a jikin sarƙoƙi kewaye da bakin laimar. In na ba inji wuta laima ta juya, kujeru su buɗe waje su tashi. Masu ƙiba kullum suna tambaya ko su za su fi kowa yin ƙasa, sirara kuma suna tsoron iska ta yi sama da su. Duk shirme ne. Kujerar da ba kowa da kujerar da mahauci ke kai, a layi ɗaya suke tashi. Gudun inji da tsawon sarƙa su ke yanke inda kujera za ta kai. Ban yi nisa a makaranta ba, ban san dalili ba, amma na gani har na gaji da gani.

Inda nauyi ke magana shi ne a jikin ginshiƙi. Mutum in yana zaune lilo na tsaye, ƙasa kawai yake jan sarƙa. Da an fara juyi sai ya koma yana jan ta waje, ya kuma ƙara mata nauyi kamar an ɗora masa wani rabin mutum a cinya. To in ƙato yana jan ginshiƙi gabas, dole a sami wani ƙaton yana jan sa yamma. In babu, ginshiƙi ya dinga bin ɓangaren da ya fi nauyi yana zagayawa da shi, ƙafafun da ya tsaya a kansu su fara ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Na taɓa ganin lilon wasu mutanen Moldova da ya kwanta a haka. Ba na son ba da wannan labarin.

Aikin Ilarie ke nan. Da ido yake auna mutum, da buhun masara yake lissafi, kamar yadda ubanmu ya koya masa. Wannan buhu ɗaya da rabi, waccan buhu ɗaya, wancan biyu har da ɗori. Yakan raba saurayi da budurwarsa, ya raba uwa da 'yarta, ya tura mai gari can bayan ginshiƙi inda ba mai ganin sa, in dai awo ya ce haka. Kuma ba ya magana. Da haɓa yake nuna maka kujera. Kowa Nea Ilarie yake ce masa, wato Baba Ilarie, har waɗanda suka girme shi, ba kuma mai yi masa musu sau biyu.

A farkon wannan bazarar sai mutumin ya koma mai surutu. Duk wanda ya zo ƙofa sai ya gaishe shi, ya tambaye shi daga wane ƙauye, ya masara, ya tsohuwa, kuma ba zai nuna kujera ba sai an amsa. Matata Zamfira, mai sayar mana da tikiti, ta ce ko dai yaya ya sami bazawara a wani gari ne, ko kuma ya fara kurɓar giyar 'ya'yan itacen plum tun da safe. Na shinshina shi, ba giya. Na bar maganar, na ɗauka tsufa ne, don wasu in sun tsufa bakinsu ke buɗewa.

Abin da ya dame ni shi ne ƙafata. Dandamalin da nake tsayawa a kai haɗe yake da gindin ginshiƙi, duk abin da ke faruwa a sama a tafin ƙafa nake jin sa. Tun kasuwar farko na fara jin wata 'yar rawa, ta zo ta wuce da kowane zagaye. Wani hawan babu, wani hawan akwai. Na zargi boris ɗin da laima ke juyi a kansa, na sauke laima na canja shi a cikin zafin rana, ni da Ilarie muna zufa kamar dawaki. Na ƙara giris, na ɗaure notuna, na sake katakan da ke ƙarƙashin ƙafafu. Rawa ba ta tafi ba. Ilarie yana gefe yana miƙo mini sifana.

Muka kai tsakiyar Agusta, bikin Maryamu, kasuwa mafi cika a shekararmu. Aka ba mu fili tsakanin katangar coci da masu gasa nama, hayaƙin kitsen alade yana shiga ido tun hantsi. Ana fitowa daga coci layi ya miƙe.

A cikin layin akwai mawaƙan cocin, su biyar ko shida, sanye da baƙaƙen riguna masu faɗi. Babbansu Gherasim, baƙo ne a garin, dogo siriri kamar ƙotar manjagara, amma in ya buɗe baki sai ka ce daga cikin rijiya ake magana. Sauran ma haka suke, wuya da ƙashi, murya kuwa kamar ta bijimai. A bayansu ga matar mahaucin garin, Safta, da 'yan'uwanta mata, 'ya'yan mai injin niƙa, kowace ta cika ƙofa, amma duk gidansu muryar 'yan tsaki gare su. Ni ina can wajen inji, bel ya ɗan saki ina ɗaure shi, kunne kawai na bari a ƙofa.

Na ji Ilarie yana tambayar Gherasim ko ya ci abinci. Gherasim ya ce azumi ya ƙare yau, ya ci har ya ƙoshi.

"Ai na ji alama," in ji Ilarie. "Wuce can gabas, kai da jama'arka. Ku riƙe sarƙa da kyau, kada ku tsinka mana ita."

Mutane suka yi dariya, sun ɗauka zolaya ce. Da ya zo kan Safta sai ya ce mata 'yammata, ya tambaye ta ko babarta ta san ta fito. Ta ƙyalƙyale ta ce, "Nea Ilarie, ka fara zawarci da tsufanka? Bari mijina ya ji, da wuƙa a hannunsa." Aka sake dariya. Ya tura ta yamma, ita da 'yan'uwanta duka a jere, ya kuma ƙara musu wasu maza biyu a kusa, wai don su cike awo. Ya bi kujeru ya sa ƙugiyoyin sarƙar gaban ciki, ya ɗaga hannu. Ni kuma na ga hannu na ja libar inji, kamar yadda na saba yi ba tare da na duba ba.

Zagayen farko lafiya, don a hankali nauyi bai fara ja ba. Na sa inji a giya ta biyu, kujeru suka buɗe, ƙafata ta fara jin rawar nan. Da na sa ta uku sai dandamalin ya tashi da ni. Na ji ƙafar gabas ta ɗaga ta dawo ta daki katako, sai ta kudu, sai ta yamma, kamar tebur mai gurguwar ƙafa da yara ke jijjigawa. Laima a sama tana sunkuyawa tana bin Safta da 'yan'uwanta duk inda suka zagaya. Wani katako ya fara zamewa daga ƙarƙashin ƙafa, ina kallon sa yana fita kaɗan-kaɗan.

Birki yana nan kusa da hannuna, amma ba a taka wa lilo birki. In laima ta tsaya farat ɗaya kujeru ba su san an tsaya ba, gaba za su ci, su haɗu da na gabansu, sarƙa ta naɗe sarƙa, kai ya daki ƙarfe. Sai na cire giya na bar shi ya sha gudunsa, ina ɗan shafa birkin ina saki, ina shafa ina saki. Na sa ƙafa na danne katakon da ke fita, kamar ƙafata za ta iya wani abu. Waɗanda ke sama ba su san komai ba. Safta na ihun daɗi, mawaƙa sun kama wata waƙa. Ilarie kaɗai na ga ya dafa shinge ya karkata kai, yana sauraren bugun ƙafafun.

Da kujeru suka dawo suka rataye, samari suka yi ta ƙorafi wai an gajarce musu hawa. Na ce inji ne ya yi zafi, Zamfira ta sallame su. Suna cikin saukowa ne na tsaya na dubi yadda aka zauna. Gabas ƙasusuwa cikin baƙaƙen riguna, yamma tudun nama. Ko makaho ba zai yi wannan rabon ba, na faɗa a raina, daga nan kuma na tsaya cak.

Na rufe ƙofa, na ce sai la'asar. Muka koma bayan tirela inda inuwa take. Zamfira ta kawo tuwon masara da cuku, ta dube mu, ta koma. Na bar shi ya ci loma biyu, sannan na tambaye shi Gherasim buhu nawa ne.

Ya ce biyu da rabi, ko kusa.

Na ce Safta fa.

Ya ce wace Safta, ai yarinya ce, da ƙyar ta kai buhu.

"Yaya," na ce, "Gherasim ko da rigarsa da takalminsa bai kai buhu ɗaya da rabi ba. Yarinyar taka kuma matar mahauci ce, ka ɗora ta a lilon nan shekara da shekaru. Tun yaushe?"

Ya daɗe yana murza tuwo a yatsa. Sannan ya ce tun hunturu. Ya ce gefe-gefe yana gani, shi ya sa yake tafiya ba ya tuntuɓe, amma duk abin da ya sa wa ido shi ne ke ɓacewa, sai wani baƙin tabo a wurin. Mutane sun zame masa inuwa, inuwa kuma tufafi ne ke yi mata girma. Ƙanwarmu Profira ta kai shi wurin likita a birni lokacin da muke hutun sanyi, likita ya ce ba yana ba ce da za a kankare, can ciki ne ya lalace. Ya roƙi Profira kada ta faɗa mini. Shi ne ya koma auna mutane da murya. Ya ce yawanci tana yi, mai ƙirji yana da murya, kuma tun farkon bazara ba a sami matsala ba.

Na ce an samu, ni na canja boris a banza, na kusa karya bayana. Ya ce boris ɗin dama ya tsufa.

Ban yi masa ihu ba, ba ni da ƙarfin ihu. Na ce ƙofa ta ƙare masa. Ya ce in ba shi gobe kawai, yana da wata dabara. In mutum ya zauna zai kama sarƙa ya ɗaga kujerar kaɗan, hannu ba ya ƙarya kamar kunne. Na ce mutum nawa zai ɗaga a yini, da wannan bayan nasa. Ya ce bayansa ne ba nawa ba.

Na yarda. Zamfira ta ce ni da shi duk kanmu ɗaya, dutse. Da la'asar ɗin ni na zaunar da mutane, shi ya kwanta a tirela, ya juya fuska bango.

Washegari ya fito da sassafe ya aske gemu, ya sa farar riga. Gaskiya dabarar ta yi. Mutum ya zauna, ya kama sarƙoƙi biyu na gaba ya ɗan cira, ya ce tashi koma can, ko ya ce zauna. Na sa giya ta uku, dandamali shiru kamar daɓen coci. Rabon da in ji shi haka tun bara. Sai dai abin yana cin lokaci, layi ya yi ta tsawo, wasu suka gaji suka tafi wurin masu harbin kwalba. Wani manomi ya ce ba a ɗaga masa mata kamar tunkiya a kasuwa. Ilarie ya ce masa tunkiya ai ta fi sauƙin kai, kuma ba ta zuwa da miji. Matar ta yi dariya, mijin bai yi ba, amma suka hau.

Kafin azahar farar rigar ta manne a jikinsa. Na ga ya fara sa gwiwa yana taimakon hannu. Na ga yana tsayawa tsakanin kujera da kujera yana dafe ƙugu. Na daina jan liba da ganin hannunsa kawai, sai na bi kujeru da ido ɗaya bayan ɗaya.

Can da rana ta karkata ya gama zagaye ya ɗaga hannu. A kujera ta kusa da shinge akwai wata yarinya ƙarama da jan ƙyalle a kitso, tana lasar alawa. Sarƙar da ake gittawa a gaban ciki tana kan cinyarta, amma ƙugiyar ba ta shiga zobe ba, a gefensa ta sauka. Ya ɗaga yarinyar, ya auna ta daidai, ya ja sarƙar ya ji ƙarfe ya taɓa ƙarfe, ya wuce. A giya ta uku kujera tana karkata, yaro kuma ba ya zama wuri ɗaya.

Na bar inji na taka na je, na sa ƙugiyar a zobe. Ta yi ƙara, ƙas. Duk hayaniyar kasuwa, da kiɗa, da masu tallan nama, Ilarie ya ji ta. Hannunsa yana sama, ya sauke shi a hankali.

Na koma na ja liba, aka yi hawan aka sauka. Da mutane suka watse ya matso kusa da inji ya tambaye ni wa ke kan kujerar. Na ce yarinya. Ya ce ya sani, shi ya ɗaga ta, rabin buhu ce, shekarunta yake tambaya. Na ce ba ta wuce shekarun shiga makaranta ba.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To, Tudose." Ya cire tsummar da yake ratayawa a ƙugu yana goge kujeru, ya ɗora a kan shinge, ya tafi bayan tirela.

Sauran kwanakin bikin ni da Zamfira muka yi su. Na koya mata liba, ni na koma ƙofa. Ba ni da idon Ilarie, ba ni da haƙurinsa. Na ce wa wata mata ta yi nauyi da yawa a wannan gefen, ta kira ni jaki ta tafi da 'ya'yanta. Sai na dinga barin kujera ɗaya tsakanin kowane mutum biyu, na kuma hana Zamfira wuce giya ta biyu. Samari suka dinga tsayawa a bakin shinge suna cewa lilon kakanni, a zo a hau a yi barci.

Na yi wa Ilarie tayin ya zauna a rumfar tikiti, ko ya riƙe giris da goge-goge, ya ci gaba da bin mu. Ya ce shi ba tsohon kare ba ne da za a ɗaure a gindin tirela ana jefa masa ƙashi. Ya ce in yana nan, duk ranar da layi ya cika na rikice, zai tashi ya zo ƙofa, ni kuma zan bar shi, don ya san ni. Na so in ce ƙarya ne, amma ba ƙarya ba ne. Ya ce in kai shi wurin Profira.

Ranar da aka tashi kasuwa da safe na ɗauke shi a mota. Kayansa jaka ɗaya da bargo. Gidan Profira yana hayin kogi, muka bi ta gada, muka wuce gonakin masara da rana ta ƙone. Na kunna rediyo ya ce in kashe.

Profira tana bakin ƙofa, ta riga ta share ɗakin baya, wanda ke kallon bishiyoyin plum. Ta fara ba ni haƙuri a kan ɓoyewar da ta yi, na ce ta bari, rana tana yi. Ta ce in shiga in ci abinci, na ce laima tana jira na.

Ilarie ya sauko ya tsaya riƙe da jakarsa, fuskarsa tana kallon gefen kafaɗata, don ta haka yake gani na. Ya tambayi wace kasuwa ce gaba. Na faɗa masa.

"Filin can ta wajen ruwa ƙasarsa laushi gare ta," ya ce. "Ka ninka katako a ƙafafun wannan gefen. Kuma kada ka bar Zamfira ta taɓa birki."

Na ce na ji.

"Ba ka ji ba. Kai ba ka ji."

Profira ta kama gwiwar hannunsa, ya janye, ya shiga da kansa yana bin jikin shinge. Ta rufe ƙofar.

Na juya mota. Da na isa fili masu gasa nama sun kwashe, sai toka da ƙudaje. Zamfira ta riga ta cire kujeru ta tara sarƙoƙi a akwati, tana zaune a kai tana fifita da kwali. Ginshiƙi yana tsaye da laimarsa. Sauke shi aikin maza biyu ne, ɗaya a kan igiya ɗaya a gindi. Na zauna kusa da ita na ɗan huta, sannan na tashi na shiga gari neman wanda zai riƙe mini igiya.